Wanke Ya Miƙa Mulki, To Wa Ya Kashe Ba'are?

Duk lokacin da aka zauna lissafin sojojin Afirka da suka karɓi mulki suka mayar wa farar hula, sai ka ji an jero Suwar al-Dahab na Sudan, da Amadu Tumani Ture na Mali, da Abdulsalami Abubakar na Nijeriya, sannan a soko sunan Manjo Dauda Malam Wanke na Nijar a ce ai shi ma ɗan halak ne, ya yi alkawarin wata tara kuma ya cika. Ni kam ban yarda da wannan lissafi ba, kuma ina roƙon mai karatu ya dakata da tafi har mu duba abin da aka biya kafin alkawarin ya cika.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999, Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara yana filin jirgin saman Yamai zai shiga jirgi mai saukar ungulu, sai sojojin da aikinsu shi ne tsaron lafiyarsa suka buɗe masa wuta. Kwamandan waɗannan dogarai kuwa shi ne Wanke. Firayim Minista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito ya shaida wa duniya wai haɗari ne ya auku. Haɗari! Bayan kwana biyu sai ga Wanke a kan kujera, yana shugabantar wata majalisar soja da aka raɗa wa sunan majalisar sasanta 'yan ƙasa.

Na san abin da masu kare shi za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba'are da kansa da bindiga ya tuɓe zaɓaɓɓen shugaba Mahamman Usman ranar 27 ga Janairun 1996. A zaɓen watan Yuli na wannan shekara, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'a ya rushe hukumar zaɓe, ya kafa tasa, ita kuwa ta ce shi ya ci. Ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi. Duk mun ji. Amma laifin mutum hujja ce ta gurfanar da shi gaban alƙali. Ku dubi Mali: Tumani Ture ya kifar da Musa Tarawore a watan Maris na 1991, bayan sojojin Tarawore sun karkashe masu zanga-zanga a Bamako, amma bai harbe shi ba. An kai shi kotu, aka yanke masa hukuncin kisa a 1993, daga baya Alfa Umar Konare ya yafe masa a 2002. Mutanen Mali sun ji shaidu da kunnensu. Mutanen Nijar fa, me suka ji?

Abin da suka samu shi ne sashe na 141 na tsarin mulkin da aka jefa wa ƙuri'ar raba gardama ranar 18 ga Yulin 1999. Wannan sashe ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 baki ɗaya, sannan aka ƙara ƙulle shi da wani sashe da ya hana a taɓa shi ko da an zo gyaran tsarin mulki. Wato talaka da ya gaji da soja, ya fita da safe ya jefa ƙuri'ar "na yarda" don ya samu mulkin farar hula, da wannan ƙuri'ar ya sa hannu a kan cewa ba za a tambayi kowa jinin Ba'are ba. Haɗa masa aka yi, ko ya ɗauka duka ko ya bari duka. 'Yan siyasa kuwa, akasarinsu ido ya rufe da zaɓe, ba su so a tono abin da zai jinkirta shi ba. Tanja Mamadu ya kayar da Mahammadu Isufu a zagaye na biyu cikin Nuwamba, aka rantsar da shi ranar 22 ga Disamba, Wanke ya koma gefe abinsa. Ya rasu a watan Satumba na 2004 ba tare da ya tsaya gaban wata kotu ya amsa tambaya ɗaya ba.

To ina sadaukarwar? Wanda ya riga ya rubuta wa kansa takardar kuɓuta, sauka daga mulki ba ta yi masa tsada ba. Ga kuma ƙasashen da ke ba Nijar tallafi, Faransa a gaba, sun rufe famfo, baitulmali ba ko anini. Zaman ma da wuya ya yiwu.

Iyalin mamacin dai sun ƙi haƙura. Da kotunan gida suka fake da afuwa, sai suka garzaya kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda a watan Oktoban 2015 ta ce an tauye musu haƙƙin neman shari'a, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su sefa miliyan 435. Shekara 16 ke nan bayan kisan, kuma kuɗi aka yanke, ba a ɗaure kowa ba.

Darasin kuwa barikin soja ya haddace shi sarai. Salu Jibo ya tuɓe Tanja ranar 18 ga Fabrairun 2010, shi ma tsarin mulkin da ya bari ya ƙunshi afuwa gare shi da mutanensa, shi ma aka yaba masa don ya miƙa mulki a 2011. Ranar 26 ga Yulin 2023 kuma wani kwamandan dogaran fadar shugaban ƙasa, Janar Abdurahman Ciyani, mai riƙe da muƙamin da Wanke ya taɓa riƙewa, ya tsare ubangidansa Muhammad Bazum. A watan Maris na 2025 aka rantsar da shi a kan riƙon ƙwarya na shekara biyar, aka kuma rubuta cewa ana iya ƙarawa.