Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Jama'a makiyaya da ƴan kasuwar bisashe,

Ko wace shekara, da zarar damina ta ɗauke, sai mu ga farar mota ta tsaya a bakin ruga. Malamai da ɗaliban sashen binciken muhalli na jami'a ne, da takardunsu da na'urar awo. Sukan ce sun zo haɗin gwiwa da talakawa. Mu ba su nono, mu nuna masu burtali da mashaya, garso ya yini yana faɗa masu inda karangiya ta kori gamba da dalilin haka. Su rubuta, su tafi. Daga nan shiru. Littafin ya fito da Faransanci, mai shi ya samu digiri, garso kuwa ko sunansa babu.

Wannan shi ne haɗin gwiwa?

Kada wani ya ce ai takarda ce kawai. Abin da masana suka rubuta yau, shi gwamnati ke mayarwa doka gobe. Bayan farin 1973 da na 1984, an cika duniya da zancen wai yawan shanunmu ne ke jawo hamada, wai yawon kiwo jahilci ne, a killace dabbobi wuri guda. Wa ya tambaye mu? Alhali tun a 1983, masana biyu ƴan ƙasar Holan, Breman da de Wit, bayan dogon bincike a Mali, sun nuna cewa garken da ke tafiya yana fitar da nama da nono a kowace eka fiye da manyan gandayen kiwo na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ƙarancin ruwa. A 1991 kuma hotunan tauraron ɗan adam suka nuna bakin Sahara yana matsowa kudu yana komawa arewa gwargwadon ruwan shekara. Abin da kakanninmu suka sani ke nan, amma sai da Bature ya auna aka yarda!

Mu ba abokan gabar ilimi ba ne, muna ma bukatarsa. A Nijar dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Amma gaban hukuma, wanda ya riƙe taswira shi ke da magana. Taswirar burtalin da muka taka da ƙafarmu muka nuna, in tana kulle cikin ofis a birni, ranar da gona ta cinye hanya da me za mu kare kanmu?

Saboda haka ga sharuɗɗanmu. A zauna da ardo da garso da matan ruga tun kafin a tsara tambayoyi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A dawo da sakamako bakin rijiyar da aka ɗauke shi, a karanta shi da Hausa da Fulatanci da Tamashek, mu gyara kuskure kafin a buga. A bar wa ƙungiya kofin kowace taswira, a kai ɗaya ga kwamitin filaye. A sa sunan masu sanin daji kusa da na malamai.

Malamin da ya yarda, ga tabarma ga ƙwaryar nono. Wanda ya ƙi, ku gaishe shi da mutunci, ku nuna masa hanyar komawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.