Hoton da ba ka wanke ba, aro ne a hannunka

Ranar sadakar bakwai ta gwaggona a Maradi, jikarta mai sunanta ta ce a nuna mata hoton kakarta. Wayoyi sun fi goma a tsakar gidan, ga kuma kyamarar da aka saya saboda bikin autarta. Kowa ya rantse ya taɓa ɗaukar ta. Amma wannan an sace tasa wayar a kasuwa, wancan ya goge don ya sami wurin zuba waƙoƙi, memorin kyamara kuwa ya ƙi buɗewa. Ƙarshenta katin ɗan ƙasa aka ɗauko wa yarinyar. Abin da ya fi ci mini rai, a cikin adakar marigayiyar muka tarar da hoton mijinta, baƙi da fari, wanda aka ɗauka tun ba a haife ni ba, ko kwarzane babu.

Tun daga ranar nake faɗa da masu cewa wanke hoto ƙauyanci ne. Da na tayar da maganar a shirina na rediyo, wani saurayi ya bugo yana dariya, wai, "Malam, a zamanin nan wa ke ɓata kuɗi a takarda?" To ga amsarka, ɗan'uwa.

Kun ce hoto yana nan a Facebook da WhatsApp. Gidan wa? Kalmar sirri ta ɓace maka, ko layinka ya mutu, ko ka rasu ba wanda ya san lambobin buɗe wayarka, shi ke nan an rufe ƙofa da kayanka a ciki. Zanen aro ba ya rufe katara. Ban da haka, hoton da aka tura ta hanyar da aka saba a WhatsApp matse shi ake yi don ya yi sauƙin tafiya, abin da ya isa hannunka bai kai na asali ba. Masu ganin babban kamfani ba ya faɗuwa su tuna da Kodak. Injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma a 2012 kamfanin ya je kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi.

Mu duba maƙwabta. Malick Sidibé na Bamako ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Venis a 2007 saboda hotunan samari da 'yan matan garinsu. A Yamai ma Philippe Koudjina ya bar mana kamannin birnin a shekarun 1960 da 1970. Mun gan su ne don sun bar abin da hannu ke taɓawa, fim da takarda. Mu da muke ɗaukar hoto ɗari a wuni ɗaya, me za mu bari?

Wasu sun ce, to a kai wa mai shago ya wanke. Ban hana ba, sana'arsa ce. Sai dai ka tambayi kanka: hoton matarka ba mayafi, da na ƙanwarka ranar lalle, in an zuba su a kwamfutar shago, wa ya tabbatar maka an goge bayan ka fita? Yara nawa ke zama gaban kwamfutar nan? Wannan kaɗai ya isa magidanci ya ajiye ƙaramar firinta a ɗakinsa, sirrin gida ya tsaya a gida.

Aikin kuma ba wuya gare shi ba. Akwai ƙananan firintoci irin su Canon Selphy da ke karɓar memorin kyamara kai tsaye, ba sai da kwamfuta ba. Da zafi suke aiki: takarda ta shiga ta fito sau huɗu, rawaya, ja-ja, shuɗi, sannan wani siririn rufi da ke kare hoton daga danshi da shatin yatsa. Ana sayar da takarda da tawadar a ƙunshi ɗaya, akwai mai 108, don haka tun a kanti ka san nawa kowane hoto ya tsaya maka. Kada mai kanti ya ruɗe ka da yawan megafiksel. Hoto mai santimita 10 da 15 ɗigo 1200 da 1800 yake bukata ya fito tas, wato megafiksel 2 da 'yan kai. Tsohuwar kyamarar da ka jefa a durowa ta wuce haka.

Ba zan ɓoye aibin ba. Firinta mai fesa tawada tana da araha ranar saye, a tawada take ramawa. In ta daɗe ba aiki, bakinta ya bushe ya toshe, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa ta. Wanda ya ɗura mata tawadar ganga mai arha, ya buga a takardar ofis, ya manna a bangon da rana ke duka, kada ya zo yana kuka in fuskoki sun koɗe. Araha ba ta ado. Ka rufe na'urar da ƙyalle, ka buga wani abu ko sau ɗaya a mako, ka sayi takardar hoto ta gaske. In kuɗin ya yi maka yawa, ku haɗa hannu da 'yan'uwanka, firinta ɗaya ta ishi zuri'a.

Ban ce a wanke komi ba. Hoton kwanon shinkafa da na sabon takalmi su zauna a waya. Amma a shekara ka zaɓi ashirin: tsofaffinka, jaririn ranar suna, gidan gado kafin a rushe shi. Ka rubuta suna da shekara a baya, ka sa a albam, ka ajiye inda rana da gara ba sa kaiwa.

Mahaifiyarka tana raye? Yau ka ɗauke ta, yau ka wanke. Mu namu ya riga ya wuce, katin ɗan ƙasa muke nuna wa jikoki.