Fiza ko Pizza? Ku ƙyale yarinyar nan ta huta

Jama'a, tun jiya abin nan yake cina a rai. A wani guruf na ɗaliban Arewa da nake ciki a nan Lafia, wata ƙanwarmu 'yar shekarar farko ta saka hoton bikin bazde ɗin ƙawarta, ta rubuta "mun ci fiza". Kafin a jima an yi mata ca, ana ta zuba fuskokin dariya, wani har da cewa "ƙauyanci ba ya ɓuya". Zuwa dare ta fice daga guruf ɗin. Kuma a nan ake saka sanarwar sauyin lokacin lacca da jarrabawa.

To, yarinyar nan ba ta yi kuskure ba. Hausa ba ta da harafin p a rubutunta, shi ya sa muke cewa fensir, famfo, fasinja, fakiti. Farfesan da yake duba mini aikina ma da f muke kiransa, bai taɓa ƙorafi ba. Idan kuma asali ake so, abincin nan daga birnin Napoli na Italiya ya fito, su kuma masu shi "pitsa" suke faɗa. Da za mu bi su sak, "fitsa" ke nan, ku faɗa min wa zai saka wannan a baki? A can ma cimar talakawa ce tun farko, kamar yadda masa take a wurinmu. Domino's sai 2012 ya shigo Najeriya, ta Legas. Yaushe aka yi daren da har rubuta sunanta ya zama ma'aunin wayewa?

Ni ban ƙi fiza ba fa, in wani ne zai biya.

Abin da ya fi ba ni haushi, na koma na duba rubutun masu dariyar. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne ya rubuta "kaji abun kunya". Malam, kaji suna akurki, "ka ji" kake nufi. Wata ta rubuta "bata da aji": ɓata kike nufi ko ba ta? Ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, suna cikin rubutunmu tun zamanin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, kuma yau Gboard yana da Hausa kyauta. Amma harshenmu kowa ya dagula yadda ya ga dama, sai a kalmar Turawa ce muke zama malamai.

Kuma mu tuna inda muke. Lafia ba Kano ba ce. A ajinku akwai Eggon, Alago, Migili, Gwandara, da yawansu Hausar a kasuwa da makaranta suka koye ta, suna rubuta ta ne don mu fahimci juna. Duk wanda ya ga abin da aka yi wa yarinyar nan jiya, zai yi shiru ko ya koma Turanci.

Ba na cewa a daina gyara. Ni kaina jan biro ya cika babi na biyu na aikina, kuma ya amfane ni. Amma a ofis aka yi min shi, mu biyu. In ka ga kuskuren da zai sauya ma'ana, bi mutum ta saƙon sirri ka faɗa masa.

Admin, don Allah a nemo lambarta a mayar da ita kafin a saka jadawalin jarrabawa.