Mahaifar roba: ina bakwainin Maraɗi a cikin wannan zance?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na babbar kasuwar Maraɗi da na Tibiri da Jiratawa, akwai wani zance da likitocin Amurka da Turai ke tafkawa wanda ya kamata mu ji shi tun bai iso mu ba. Ana ƙoƙarin ƙera mahaifar roba, wadda za a saka bakwaini a ciki ya ƙarasa kwanakinsa tamkar yana cikin uwarsa.

Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2017, likitocin wani asibitin yara na birnin Filadelfiya a Amurka, a ƙarƙashin Dokta Alan Flake, sun bayyana cewa sun ciro ƴaƴan tumaki 8 daga cikin uwayensu tun ba su isa haihuwa ba, suka saka kowane a jakar leda mai cike da ruwa irin ruwan faya. Suka haɗa cibiyarsa da wata na'ura da ke zuba wa jini iska, zuciyar ɗan tunkiyar ce da kanta ke tura jinin. Wasu sun yi sati 4 a ciki, suka buɗe ido, gashi ya fito musu. Bambancinta da kwalbar da muka sani shi ne, a kwalba dole jariri ya ja numfashi da huhun da bai nuna ba. A jakar kuwa huhun yana hutawa har ya yi ƙwari. Jariran da ake nufi da ita su ne na sati 22 zuwa 24, wato wata 5 da ƴan kwanaki. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tara masana don su duba yadda za a iya gwada ta a kan ɗan Adam, taron kuma na shawara ne, ba na ba da izini ba.

To, ranar da aka fara, tambayoyi ne za su taso waɗanda ba na likita kaɗai ba. Ba a saka jariri a jakar sai an yi wa uwar tiyata, kuma tiyata a ƙaramin ciki ta fi ta cikakken ciki haɗari, tana iya shafar haihuwar gaba. Wa zai yanke shawara? A nan gida mun san yadda ake yi: mace na kwance tana zubar da jini, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar Jibiya ya sa hannu. A ganinmu, wadda za a tsaga ita ce ta farko da ya kamata a tambaya.

Sai kuma abin da zai tsaya a gaban malamanmu. Yaron da ke cikin jaka, an haife shi ko ba a haife shi ba? Daga wace rana za a ƙirga bakwai a yanka ragon suna, ranar tiyata ko ranar da aka buɗe jakar? A mazhabar Malikiyya da muke bi, jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa ba ya gado, ba a yi masa salla. Wannan kuwa ya bar cikin uwa, zuciyarsa na bugawa, amma ba zai yi kuka ba sai bayan makonni. In mahaifinsa ya rasu a tsakani, ko shi yaron ya koma kafin a fiddo shi, yaya rabon gado zai kasance? Duk wanda ya taɓa ganin rigimar shago ko fili tsakanin ƴan uba ya san ba ƙaramar magana ba ce. Haka iddar mai ciki, wadda ke ƙarewa da haihuwa. Ba mu ne masu fatawa ba, amma gara malamai su zauna da likitoci tun yanzu.

Akwai kuma maganar gwaji. Kano ba ta da nisa da mu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, yara 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Uwar da aka ce mata ɗanta zai mutu cikin awa ɗaya za ta dangwala yatsa a kowace takarda. Wannan ba yarda ba ce.

Amma mu faɗi gaskiya: ba rashin mahaifar roba ke kashe bakwaininmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020. Ta ce cikin waɗanda ba su kai sati 28 ba, sama da 9 cikin 10 ke mutuwa a ƙasashen talakawa, alhali a ƙasashe masu hali ba su kai 1 cikin 10 ba. Har ma na sati 32, waɗanda kusan duka suke rayuwa a can, rabinsu ke tafiya a irin ƙasashenmu. Me ke kashe su? Sanyi, ƙwayar cuta, kasa tsotson nono, da hanya. Matar da naƙuda ta kama da dare a wani ƙauyen Jiratawa sai an nemo amalanke ko kabu-kabu kafin a kai ta likita, daga can a turo ta cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi. Ɗan da bai kai kilo 2 ba, iskar hanyar kaɗai ta ishe shi, balle a lokacin ɗari. In an iso, kwalba tana son wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, da Nijeriya ta yanke mana lantarki har zuwa Maris na 2024. Na'urar da ke riƙe da jinin jariri ba ta san an ɗauke wuta ba. An ayyana tiyatar haihuwa da kula da ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, amma kowa ya san takardar magani da ake miƙo wa dangi in kayan aiki sun ƙare.

Saboda haka in mahaifar roba ta fito gobe, ɗan attajirin da ke iya hawa jirgi ne zai shiga cikinta, ba ɗan mai sayar da zogale ba.

Abin da ya fi kusa da mu ya fito ne daga wurin da ya yi fama da irin matsalarmu. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, kwalabe suka yi wa Dokta Edgar Rey kaɗan, sai ya sa uwaye su ɗaure jariran a ƙirji, fata da fata, dare da rana, suna ba su nono. Goyo ne, sai dai na gaba maimakon na baya. Wani bincike da aka fitar a 2021, wanda aka yi a Nijeriya da Gana da Malawi da Tanzaniya da Indiya, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. Daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yin haka.

Ana cewa wannan goyo kyauta ne. Masu faɗar haka ba su taɓa zama a rumfa ba. Mai tuyar ƙosai ko mai kayan miya da ta ɗaure jariri a ƙirji na makonni ba za ta tsaya bakin wuta ba, ba za ta ɗauki kaya ba, jarin kuma cinye shi za a yi. Ga kakanni da ke matsa wa sai an yi wa jariri wanka da zarar ya faɗo, abin da ke ƙara masa sanyi. Ga maza da ke ganin goyon ƙirji bai kamace su ba, alhali uba ma yana iya karɓa uwar ta samu barci.

Nan ne ƙungiyoyin ƴan kasuwa ke da abin yi ba tare da jiran Yamai ba. Wadda ta haifi bakwaini, uwar adashi ta ba ta kwasar da ke tafe, maƙwabciyar rumfa ta riƙe mata ciniki har ta yi arba'in. Manyan ƴan kasuwarmu da ke gina masallatai da rijiyoyi kuma, Allah ya saka musu, su leƙa ɗakin jarirai na likitar Tibiri da ta Jiratawa su tambayi ungozoma nawa faifan hasken rana da batir za su ci.