A bakin wa ɗalibi zai fara koyo?

Watannin baya ciwon haƙori ya kai ni wani asibitin koyarwa. Da na kishingiɗa a kujera, sai na ga ashe ɗalibi ne zai yi mini aiki, malaminsa na tsaye a bayansa. Ni ma malami ne, na san sai da koyo akan iya, kuma dole ɗalibi ya fara da wani. Amma da yake haƙorin nawa ne, sai na tsinci kaina ina roƙon Allah ya sa ba ni ne na farkonsa ba.

Fargabar tana da dalili. Fata in ta yanke takan warke, ƙashi in ya karye a ɗora shi, amma farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ba ya sake tsirowa. Kaurinsa bai wuce milimita 2.5 ba, injin fafe haƙori kuwa yakan juya fiye da sau 300,000 a minti guda. Hannu ya ɗan goce, an yi asarar da babu mayarwa.

Don kauce wa haka ne a 1894 wani likitan haƙori na Glasgow, Oswald Fergus, ya fito da kan mutum-mutumi da ake kafa wa haƙora ɗalibai su gwada hannu. Har gobe da shi ake koyarwa. Sai dai haƙorin roba bai da taurin na gaske, wanda aka ɓata sai an sayi wani, kuma malami ramin da aka fafe kawai yake gani, ba yadda aka fafe shi ba.

Wannan giɓi ne na'urorin kwaikwayo suka zo cikewa. Fitacciya a cikinsu ita ce Simodont, wadda kamfanin Moog da cibiyar koyar da aikin haƙori ta ACTA da ke Amsterdam suka ƙera. Ɗalibi yakan sa tabarau ya ga haƙori tamkar na gaske, ya riƙe wani mariƙi mai siffar injin fafewa. Ƙananan injina ke turo hannunsa, har ya ji taurin ɓawo, da sassaucin abin da ke ƙarƙashinsa, da laushin inda ya ruɓe. Kwamfuta na adana kowane motsi, tana nuna masa inda ya ci lafiyayyen wuri. In ya ɓata, ya danna maɓalli ya sake, ba jini, ba kuka.

A ganina babbar fa'idarta ita ce ta mayar da kuskure abu mai araha. Ɗalibin da ba ya tsoron ɓatawa ya fi saurin ƙwarewa.

Duk da haka, kada mu ruɗu. Haƙorin kwamfuta ba ya tara yawu, ba shi da harshen da zai tare hanya, ba ya zabura don zafi. Na'ura ba za ta koya wa ɗalibi lallashin yaro mai kuka ba, ko sauraren dattijuwar da ta sha magungunan gida wata uku kafin ta zo asibiti. Matsayinta shi ne matakin farko, kafin mutum-mutumi, kafin majinyaci.

Jami'o'inmu masu tsangayar aikin haƙori, irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri, ya dace su nemi tallafin TETFund don wannan. Amma kafin a sa hannu a takardar saye, a tanadi tsayayyar wutar lantarki, da ma'aikatan gyara, da kuɗin sabunta manhaja. Mun sha ganin kayan miliyoyi a ɗakunan gwaji an lulluɓe su da leda, ƙura ta rufe, sai ranar da baƙi suka zo a yaye.

Ɗalibin nan ya cike mini haƙori lafiya, na yi masa godiya. Fatana shi ne na bayansa su gama rawar hannunsu a kan na'ura, kafin su iso bakin talaka. Allah ya sa mu dace.