Mu ɗaliban Arewa, me ya sa ba mu san Bala Miller ba?

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo, amma abin ya tsaya mini a rai.

Shekaranjiya da daddare muna zaune wurin mai shayi kusa da tashar jirgin ƙasa a nan Kafanchan, muna gardamar waƙoƙin da za a saka a makon al'adu na makarantarmu. Wani abokina ya dage cewa sa Hausa a kan jita da kiɗan zamani abu ne na jiya-jiya, 'yan zamaninmu ne suka fara. Wani dattijo da ke gefe ya yi dariya, ya ce, "Yara, kun san Bala Miller?" Mu shida ne a kan bencin, wallahi ko ɗaya bai san shi ba. Sai ya ciro wayarsa ya kunna mana "Ikon Allah". Ƙahonin Turawa, ganguna, jita, ga Hausa tsantsa a kai. Na ce, "Baba, wannan na yaushe ne?" Ya ce tun kafin a haife mu.

Na koma ɗaki da kunya, na shiga bincike.

An haifi Bala Miller a Pankshin a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne Bahaushe daga Zariya. Ya yi karatu a CMS Grammar School ta Legas, kuma a can ya shiga harkar kiɗan haylayif, har ya rubuta wa Victor Olaiya waƙa. A zamanin Gwamna Audu Bako, shi aka nema ya tsara makarantar koyon kiɗa a Kano. A 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC, ya tara matasa ya kafa babbar ƙungiyarsa mai sunan dalar Afirka. A shekarun 1980 yana da shirinsa na kansa a NTA, ana kallo a faɗin ƙasa. Kaduna ce cibiyarsa, mutanen da suka manyanta har yau suna tuna Costain Club. Ya rasu a 2003.

Ku lura, mutumin nan ba mai rera waƙa kawai ba ne. Shi ke rubutawa, shi ke tsara inda ƙaho zai shigo da inda ganga za ta lafa, shi ke horar da makaɗa, shi ke nema musu dandali. Aikin da yau muke kira na furodusa ke nan. Kuma irin waɗannan mutane su muka fi saurin mantawa, domin mu murya da fuska muke riƙewa. Tambayi kanka: a cikin waƙoƙi goma da ka fi ji a wannan zangon karatu, nawa ka san wanda ya haɗa musu kiɗa?

Amma a ganina akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi damuna. Bala Miller ya faɗa tsakanin gida biyu. In aka zo lissafin mawaƙan Hausa, sai a ce Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗanƙwairo, Barmani Coge. Duk sun cancanci girmansu, ba gardama. Amma mai ƙaho da kwat, ɗan limamin coci, sai a ga kamar ba ya cikin layin. A ɓangarenmu na Kudancin Kaduna kuwa, wasu za su ce ai Hausa ba yarenmu ba ne, a kawo mana na Bajju, na Atyap, na Ham, na Fantswam. Su ma suna da gaskiyarsu, harsunanmu suna buƙatar a raya su. To amma da wane harshe muke ciniki a kasuwar Kafanchan? Da wane harshe ake rera rabin waƙoƙin coci a ƙauyukanmu? Da wane harshe ni da abokin ɗakina Bakatsine muke faɗa a kan wanda ya ƙarar da gari? Hausa ta zama ta kowa, kuma wanda ya yi mata hidima namu ne gaba ɗaya.

Hanyar da ya share ba ta mutu ba. Lokacin da Jeremiah Gyang na Jos ya fito da "Na Ba Ka" a shekarun 2000, shi ma marubucin waƙa ne kuma mai haɗa kiɗa, ya ɗora Hausa a kan kiɗan zamani har aka ji shi a Legas. Kamfanin da ya ɗauke shi, Chocolate City, cikin waɗanda suka kafa shi akwai Audu Maikori, ɗan Kwoi, nan kusa da mu. Daga kamfanin nan M.I da Ice Prince suka yi suna. Ban ce Bala Miller ne ya koyar da su ba. Cewa nake ba daga sama abin ya faɗo ba, akwai waɗanda suka riga su nuna cewa zai yiwu.

Wani zai ce, ga jarrabawa, ga tsadar abinci, ga fargabar hanya, kai kana maganar tsohon mawaƙi? Na ji. Amma garin nan ya sha rikici tun 1987, kuma kusan kullum tarihin abin da ya raba mu ake karanta mana. Ga mutum guda da Musulmi da Kirista suka zauna gaban talabijin ɗaya suna kallonsa, mun bar sunansa yana ɓacewa.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai: a makon al'adun bana a ware ko minti goma a saka "Ikon Allah", a faɗi wanda ya yi ta da tarihinsa. Masu neman batun furojet, ga shi nan a ƙofar gida, kuma dattawan da suka kalli shirinsa suna nan da rai, a je a tambaye su tun ana iya samunsu. Ku kuma masu haɗa kiɗa a hostel da kwamfuta, in kun saki waƙa ku rubuta sunan wanda ya rubuta ta da wanda ya haɗa ta.

In kun je gida hutu, ku tambayi baba ko mama wa ye Bala Miller. Ina jiran abin da za su faɗa muku.