Manhajar shago ba ta buƙatar kayan yaƙin Google

Wata cuta ta kama masu gina manhajojin intanet: zaɓen rumbun bayanai bisa yayi. Ɗan kasuwa ya nemi manhajar lissafin kaya da bashi, sai a jibga masa MongoDB da Kubernetes, wai tanadi ne don ranar da masu amfani za su kai miliyoyi. Kubernetes kuwa Google ne ya fitar da shi a 2014, domin masu dubban na'urori.

Bayanan ciniki 'yan dangi ne: kowane ciniki yana da mai saye, mai saye yana da bashi, bashi yana da ranar biya. Domin irin wannan aka ƙera PostgreSQL, wanda asalinsa ya faro a jami'ar Berkeley a 1986. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da ciniki, ko dai ya shiga gaba ɗaya ko kada komai ya shiga. MongoDB bai ba da wannan tabbaci a kan bayanai da yawa lokaci guda ba sai 2018.

Masu fakewa da bunƙasa su dubi Instagram. Sa'ad da Facebook ya saye shi kan dala biliyan 1 a 2012, ma'aikatansa 13 ne, masu amfani sun kai miliyan 30, kuma Django da PostgreSQL ne suke ɗauke da su.

Sannan ga kuɗi. Da dala ake biyan Firebase, kuma tun da aka saki naira a 2023 nauyin ya ƙaru. Barinsa yana nufin sake rubuta mafi yawan manhajar, a lokacin da wanda ya zaɓe shi ya daɗe da karɓar ladansa ya tafi.